Daga Filin Jirgin Tamale Zuwa Cikin Gari

Yau maganarmu ta baƙon da ya sauka a filin jirgin saman Tamale ce. Filin yana arewa da gari, wajen kilomita 20, daura da hanyar Bolgatanga. Tun 2016 daga nan ake kwasar alhazan arewacin Ghana.

To, ka sauka, sai yaya? Tasin da ke bakin ƙofa shata ce, taka kai kaɗai. Ku gama ciniki kafin jaka ta shiga mota, ka kuma tambaya ko kuɗin har da na kaya. In aljihu ba nauyi, ce a ajiye ka mararrabar babban titi. Nan motocin torotoro daga Savelugu suke bi zuwa gari. Can kuma keke mai ƙafa uku, wanda suke kira yalo-yalo, zai kai ka kasuwar Aboabo ko Zongo.

Riƙe canjin sidi a hannu. Amma fa in magariba ta kawo jiki, ɗan'uwa, kada ka tsaya bakin titi da kaya. Biya shatar, rai ya fi dukiya. Allah ya sauke mu lafiya.