Wutar Rana a Kan Rufin Gidajen Kamazou



Duk wanda yake zaune a Kamazou, ko Narayi, ko Sabon Tasha a nan Kaduna, a watan Oktoban 2024, sa'ad da aka lalata layin da ke kawo wuta daga Shiroro zuwa Mando, har Arewa ta yi kwana da kwanaki cikin duhu, masu sayar da ƙanƙara suka zubar da jarinsu a kwata, masu walda suka zauna zugum, ba ya bukatar wata hujja a kan falalar sola. Balle kuwa tun ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, janareta ya zama abin da ake tayarwa da fargaba. Abin da ya rage mana shi ne sanin yadda za mu karɓi wannan ni'ima ba tare da hasara ba.

Farkon al'amari hisabi ne. Kafin maigida ya je kasuwa, wajibi ne ya zauna da iyalinsa, su ƙidaya ƙwan fitila da fanka da firji da injin jawo ruwa, su san awa nawa kowanne yake yi a kunne, domin wanda ya sayi inbata ƙarama, sa'an nan uwargida ta jona dutsen guga, kada ya zargi kowa. Batir kuwa, a ra'ayina, nan ne dukiya take salwanta, gama na ruwa yana da sauƙin kuɗi, amma idan ana tatse shi ƙarƙaf kowane dare, ajalinsa kusa yake. Na litiyam ya fi tsada, ya kuma fi jimiri nesa ba kusa ba.

Sai rufi. Kaduna tana wajen digiri 10 arewa da tsakiyar duniya, saboda haka farantan sola su fuskanci kudu, da ɗan karkata kaɗan yadda ruwa zai gangara, nesa da inuwar mangwaro ko tankin ruwa, domin inuwar da ta rufe kusurwa guda tana iya rage ƙarfin jeri duka. A duba katakon da ke ƙarƙashin kwano, tun da mun san abin da iskar farkon damina take yi wa rufin da aka ɗaure da ganganci. A binne ƙarfen kariya daga aradu. Da hunturu, in hazo ya kwanta a kan gilashin har yaro zai iya rubuta sunansa da yatsa, a wanke da sassafe, da ruwa da tsumma mai laushi. A marka ta Agusta kuwa, a rage kayan da ake kunnawa da dare.

Ku kuma matasanmu masu haɗa sola, amana ce aka damƙa muku, gama maigida ba ya hawa rufi ya ga aikinku. Siririyar waya a inda ake bukatar mai kauri ha'inci ne wanda ƙarshensa gobara; tsohon batir da aka goge aka kira shi sabo algus ne, wanda masallaci da coci duk sun haramta. Ku rubuta wa maigida ƙarfin kowane abu, da farashinsa, da wa'adin garantinsa, ku sa hannu, shi ma ya sa, a gaban shaidu biyu.