Yaro mai naƙasa da ke karatu nesa da gida: ina za a kira sunansa?

Jawabi don masu karatu a cibiyoyin yaƙi da jahilci



Duk wanda ya zauna ajin yaƙi da jahilci ya san ranar rufe aji. Ita ce ranar da ake kiran mutum da sunansa gaban mai gari da baƙi, ya tashi ya karɓi takardar shaidarsa, mata suna guɗa. Takardar ba ta da nauyi a hannu. Amma wanda aka tsallake sunansa ran nan yakan daɗe bai manta ba.

Jawabin yau a kan irin wannan rana ne, amma a wata ƙasa mai nisa, watau Amurka. Kuma a kan wasu yara ne da ake yawan tsallake sunansu. Su ne yara masu naƙasa waɗanda aka kai karatu wata lakkol nesa da garinsu.

A Amurka yaro yakan yi shekara 12 yana karatu, ban da ajin ƙanana. Shekara huɗu na ƙarshe yana yin su a babbar lakkol, kamar lise ke nan a Nijar. Yakan gama yana da shekara 18 ko kusa da haka. Cikin watan Mayu ko Yuni sai a yi bikin gamawa. Yaran duka su sa doguwar riga iri ɗaya, da hula mai kusurwa huɗu, mai tuntu. Uwaye da kakanni su cika fili. A kira yara ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya hau dandamali, ya gaisa da shugaban lakkol, ya karɓi diplom ɗinsa. A ƙarshe su jefa hulunansu sama. Mutanen can suna ɗaukar wannan rana da girma ƙwarai. A nan ne gari ke shaida cewa yaro ya zama mutum, shi da tsararsa.

To, yaya ake yi yaro ya bar lakkol ta garinsu?

Amurka tana da jihohi 50. An raba su gunduma-gunduma don harkar lakkol, gundumomi wajen 13,000. Kowace gunduma da kwamitinta da asusunta. Babban rabo na kuɗin daga harajin gidaje da filaye na mutanen wurin yake fitowa. Yaro yana shiga lakkol ta gundumar da uwayensa ke zaune.

A da, lakkoli da yawa ba su karɓar yaro kurma, ko makaho, ko mai jinkirin fahimta. A shekarar 1970, cikin yara biyar masu naƙasa ɗaya kaɗai ke samun karatu a lakkol. Uwaye suka gaji, suka kai ƙara. A 1972 wata kotu a birnin Washinton ta duba ƙarar yara bakwai da aka hana karatu. Hukumar lakkol ta ce ba ta da kuɗi. Alƙali ya ƙi wannan hanzari. Ya nuna cewa in kuɗi sun kasa, ba yaro mai naƙasa kaɗai zai ɗauki nauyin rashin ba.

A watan Nuwamba na 1975 shugaban ƙasa Gerald Ford ya sa hannu kan babbar doka. A lokacin majalisar dokoki ta lissafa yara miliyan ɗaya masu naƙasa waɗanda ba su cikin lakkolin gwamnati ko kaɗan. Dokar ta wajabta wa kowace gunduma ta ba yaro mai naƙasa karatun da ya dace da shi, kyauta. A 1990 aka sake mata suna, ana ce mata IDEA. Tana aiki har yau. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023 yara miliyan 7 da rabi ke cin moriyarta, watau kashi 15 cikin 100 na ƴan lakkolin gwamnati.

Ga yadda take aiki. Kowane yaro ana rubuta masa takardar shirin karatunsa shi kaɗai. Uwaye da malamai da wakilin gunduma su ne ke zama su rubuta ta. Suna sake zama aƙalla sau ɗaya a shekara. Doka ta ce a fara gwada barin yaro cikin sauran yara, a ba shi taimako a nan. Shi ya sa wajen kashi 95 cikin 100 suna lakkol ɗaya da kowa. Amma akwai yaron da lakkolin garinsu ba ta da abin da yake bukata. Ba malami mai maganar hannu, ko ba mai koyar da rubutun makafi wanda ake karantawa da yatsa. Irin wannan yaro sai a kai shi lakkolin wata gunduma, ko makaranta ta musamman. Wasu makarantun tsofaffi ne. Ta kurame da aka buɗe a Hartford tun 1817 take. Ta makafi mai suna Perkins, kusa da birnin Boston, an kafa ta a 1829. Wani yaro mota ke kai shi da safe ta maido shi da marece. Wani can yake kwana, sai hutu.

Abin lura a nan shi ne wannan. In gunduma ce ta kai yaro, ita ke biyan kuɗin makarantar da na mota. Uwaye ba su biyan ko tamma. A takarda, yaro yana nan ɗan gundumarsu. Ba a sallame shi ba, aiken sa aka yi.

Wannan a takarda ke nan. A zahiri kuwa, yaron da ba a gani kullum mantawa ake yi da shi. In bikin gamawa ya matso, ofishin lakkol yakan ɗauki sunayen waɗanda ke zaune cikin aji. Su ake auna wa riga. Su ake ba takardun gayyata. Su ake koya wa yadda za su jeru. Yaron da mota ke ɗauka tun da asuba ba ya cikin wannan lissafi, sai in wani ya tuna. Sau da yawa ba mugunta ba ce, sakaci ne. Amma ga uwar da ta ji kiɗan biki daga gidan maƙwabta, sakaci da mugunta ciwonsu ɗaya.

Akwai kuma wani ƙulli wanda ya fi wannan wuya, kuma ya kamata a bi shi sannu a hankali.

Doka ta ba yaro mai naƙasa damar ci gaba da samun karatu da taimako har ya kai shekara 21 a yawancin jihohi. Waɗannan shekaru na ƙari suna da amfani sosai. A cikinsu ake koya wa saurayi ko budurwa sana'a, da shiga motar haya, da lissafin kuɗi, da yadda ake zama wurin aiki. Amma ran da yaro ya karɓi cikakken diplom, wannan dama ta ƙare. Gunduma ta sauke nauyinta.

Sai ga uwaye tsakanin abu biyu. In yaro ya hau dandamali tare da tsararsa yana da shekara 18, ya karɓi diplom, ya rasa shekara uku na taimako. In ya ƙi karɓa don ya ci gaba, wasu gundumomi suka ce ba diplom, ba biki. Ya jira sai ya kai 21. A lokacin kuwa waɗanda suka taso tare duk sun watse, wasu jami'a, wasu aiki, wasu soja. Sai ya jeru da ƙannen bayansa waɗanda ba su san shi ba. Yaron da ke karatu a wata gunduma abin ya fi yi masa tsanani, don da yawa cikin irinsu su ne ke bukatar waɗannan shekaru na ƙari.

A nan ma uwaye ne suka tashi. Suka je majalisun jihohinsu. Aka yi dokoki, kuma kowace ana kiran ta da sunan yaron da aka yi ta saboda shi. Jihar Ilinoyi ta sami dokar Brittany a 2005. Fensilbaniya ta yi dokar Ashley a 2006. A 2007 jihar Washinton ta yi dokar Kevin, Tekzas ta yi dokar Scooter. Niyu Jazi ta yi dokar Alicia a 2008. Kalmominsu sun bambanta, amma manufarsu ɗaya. An raba biki da diplom. Yaron da ya cika shekara huɗu a babbar lakkol yana iya sa riga da hula, a kira sunansa tare da tsararsa. Ran nan takardar shaidar halarta ake miƙa masa. Bayan hutu ya koma karatunsa, damarsa ba ta taɓu ba. Dabara ce ƙarama, ba ta cin kuɗin kirki. Abin mamaki shi ne sai da aka kai ga majalisa kafin a yarda da ita.

Saura tambaya guda. Yaron da ya gama karatu a wata lakkol, sunan wace lakkol za a rubuta kan diplom ɗinsa? Ƙa'idar jihar Niyu Jazi ta amsa a fili. In lakkolin da yake zuwa tana da ikon ba da diplom, yaro ne ke zaɓe: ko nata, ko na gundumar garinsu. Ta kuma ce yaro mai naƙasa da ya cika sharuɗɗan gamawa a bar shi ya shiga biki kamar kowa, ba bambanci. Wannan zaɓe ba ƙaramin abu ba ne. Wani ya fi son diplom na garinsu, don in ya je neman aiki kada a fara da tambayar naƙasarsa. Wani kuwa yana alfahari da makarantar da ta koya masa magana da hannu.

Kada a ɗauka kowane yaro bikin garinsu yake so. Makarantun musamman su ma suna yin nasu. Yara kaɗan ne, malamai sun san kowa, sun san ran da ya fara rubuta sunansa. Akwai yaron da taro da ƙara ke firgita, ƙaramin biki ya fi masa. Akwai wanda zuciyarsa na wurin abokan da suka yi wasan ƙasa tare. Akwai mai zuwa duka biyun. Ba wanda ya yi laifi cikinsu. Laifin shi ne a yanke wa yaro hukunci ba a tambaye shi ba, ko a yi shiru har rana ta wuce.

Shi ya sa uwaye masu lura ke tada maganar tun wurin zaman shekara, a rubuta ta. In yaro zai zo, akwai shiri. Mai keken guragu yana bukatar gangara, don ya hau dandamali ta inda kowa ke hawa. Kurma yana bukatar mai fassara da hannu, in ba haka ba za a kira sunansa bai sani ba. Makaho yana bukatar ya taka wurin tun kafin ranar, ya san yawan matakala.

Jama'a, wannan labarin Amurka ne. Dokokinsu daban, aljihunsu daban. Amma yaro mai karatu nesa da gida ba baƙo ba ne a Nijar. A Yamai akwai makarantar makafi mai sunan Soli Abdourahamane. Akwai makarantun kurame a Yamai da Maraɗi da Damagaram. Duka a manyan birane suke. Yaron ƙauye da ya samu shiga sai ya bar uwarsa da abokansa, ya zauna wurin dangi ko mai masauki. A 2008 Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce suna da haƙƙin karatu kamar kowa.

Irin wannan yaro wahalarsa ta fi ta saura. Ya koyi karatu, ya koyi zaman birni, ya yi kewar gida. In ya dawo, sau da yawa ba wanda ya san ajin da ya kai. Ana ce masa bebe ko makaho, kamar ba a raɗa masa suna ba. Wasu uwaye ma, ganin ba a kula, sai su ce bara ta fi. Ga shi kuwa sauran uwaye masu irin wannan yaro a ɗaka suna kallo. Abin da gari ya yi wa na farko shi zai sa su fito da nasu ko su ɓoye.

Gari ba ya bukatar majalisa kafin ya kira ɗansa. Shugaban lakkol na iya riƙe sunan yaron cikin littafinsa, ya rubuta inda aka kai shi. Ƙungiyar uwayen yara na iya aika gaisuwa, ko wani mai zuwa birni ya leƙa shi, tun da zumunta a ƙafa take. Ran da ake faɗin sakamakon ƴan lakkol, ko ranar rufe ajin yaƙi da jahilci, mai gari na iya sa a faɗi nasa tare da na tsararsa. In kurma ne, a tsaya inda zai ga fuska da hannu. In makaho ne, a ba shi takardarsa ta rubutun makafi ya karanta wa jama'a da yatsa. Mutane da yawa a ƙauye ba su taɓa ganin haka ba.

Lakkoli suna tashi babban hutu wajen ƙarshen watan Yuni, lokacin shuka. A lokacin ne yaran birni ke dawowa gida. Malamin kowace cibiya ya tambayi ɗalibansa bayan karanta wannan jawabi: yara nawa ne na garin nan ke karatu a wani wuri saboda naƙasa, kuma mene ne sunayensu? A rubuta su a allo, a kai wa mai gari da shugaban lakkol kafin hutu.