Ciwon Damuwa da Tsadar Maganinsa: Yadda Za Mu Rage Kuɗi Ba Tare da Mun Rage Lafiya Ba

Jawabin da kwamitin walwala ya gabatar a taron reshe na ƙarshen zango



Muna godiya da aka ba kwamitin walwala wannan dama. Mun saba tsayawa a nan mu yi maganar ƙarin girma da ba a aiwatar ba, da kuɗin hutu, da cunkoson aji. Yau kuwa mun zo da maganar da ba a cika ɗaga murya a kanta ba, duk da cewa tana cikin gidajenmu: ciwon damuwa, da abin da maganinsa yake ci a aljihun wanda ba shi da inshorar lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Abin da ya jawo maganar shi ne halin da wata abokiyar aikinmu ta shiga. Ta amince a ba da labarinta muddin ba a ambaci sunanta ko makarantarta ba. Bayan rasuwar mijinta, barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita ranta, har ta kai tana tsayawa gaban allo da alli a hannu ta rasa abin da za ta rubuta. Likita ya duba ta ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta magani. Wata biyu tana sha, ta fara dawowa hayyacinta. A wata na uku aka ce mata maganin ya ƙare a asibiti, ta nema a waje. Da ta ji kuɗin a kanti, ta auna shi da kuɗin makarantar marayunta, sai ta koma shan ƙwaya ɗaya bayan kwana biyu, daga baya ta bari gaba ɗaya, ba ta kuwa gaya wa kowa ba. Kafin zango ya ƙare ciwon ya dawo fiye da na farko. Ta yi makonni ba ta shiga aji ba, yara sama da tamanin suna zaune babu malama, abin da aka kashe a karo na biyu kuwa ya ninka abin da ta yi ƙoƙarin tattalawa. Yanzu ta samu sauƙi, tana nan tana aikinta. Amma darasin da ta bar mana shi ne ginshiƙin jawabin nan: maganin da ya fi kowanne tsada shi ne wanda aka yanke a tsakiya.

Kafin lissafi, mu fahimci ciwon. Ba ɓacin ran yini ɗaya ake nufi ba. Idan baƙin ciki da rashin sha'awar komai suka zauna wa mutum kusan kullum har mako biyu ko fiye, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasala, da ganin kai ba a bakin komai ba, wannan shi likitoci suke kira ciwon damuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan 5 cikin 100 na manya a duniya suna fama da shi. Mu dubi yawan mutanen da ke zauren nan, mu yi lissafin da muke koya wa 'yan aji biyar. Ba raunin imani ba ne, ba kuma lalaci ba ne. Mai hawan jini yana addu'a yana shan maganinsa, babu wanda ya zarge shi. Haka ya kamata a ɗauki wannan.

Maganin yana da ɗabi'a biyu da suke sa kuɗinsa ya yi nauyi. Ta farko, ba ya aiki nan take kamar maganin ciwon kai. Yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida, kafin a ji canji. Ta biyu, ko bayan an ji sauƙi ana ci gaba da sha aƙalla wata shida, domin kada ciwon ya dawo. Ke nan wanda likita ya ɗora a kan ƙwaya ɗaya a rana, idan ya yi wata tara, ya sha ƙwaya 270. Saboda haka duk bambancin farashi da muka raina a katin ƙwaya goma, sai mu ninka shi sau 27 kafin mu ga girmansa na gaskiya.

Me ya sa farashin ya yi tashin gwauron zabi? Akasarin magungunan da muke sha, da sinadaran da ake haɗa su, daga waje ake shigo da su, musamman Indiya da Sin, da dala kuma ake biya. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Bayan an saki naira a watan Yunin shekarar, zuwa farkon 2024 ta haura naira 1,400. Cire tallafin man fetur ya ƙara kuɗin sufuri. A shekarar dai, manyan kamfanonin magani irin su GSK da Sanofi suka sanar da daina gudanar da harkokinsu kai tsaye a Nijeriya. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wani zai ce ai akwai inshora. Gaskiya ne, dokar hukumar NHIA da aka sa wa hannu a watan Mayun 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa, jihohi kuma suna da hukumomin taimakekeniyar lafiya, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna. A tsarin ma'aikata na tarayya, mai rajista yana biyan kashi 10 cikin 100 ne kawai na kuɗin magani, tsarin kuma ya ƙunshi ma'aikaci da abokin aure ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. To, mu dubi gidajenmu. Ina mahaifiyar da ke ɗakin baya? Ina ɗan da ya gama sakandare bai samu aiki ba? Ina malaman sa kai da ƙungiyar iyayen yara ke biya? Waɗannan duk daga aljihunmu ake saya musu. Ko mai rajistar ma, ranar da aka ce babu maganin, ya zama ɗaya da marar rajista.

Ga hanyoyin da muka tattaro bayan tuntuɓar ma'aikatan lafiya.

Ta farko, kuma mafi girma: mu gaya wa likita gaskiyar aljihunmu tun kafin ya ɗora biro a takarda. Mu malamai muna da kunyar a ga gazawarmu, sai mu karɓi takarda mu yi godiya, mu fita muna zulumi. Alhali magungunan nan iri-iri ne, farashinsu kuma ya sha bamban. Za mu faɗi sunayen yadda suke a jikin kwali: amitriptyline tsohon magani ne, yana cikin mafiya araha, fluoxetine ma yana da sauƙin samu. Dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ba kowanne ne ya dace da kowa ba; amitriptyline, alal misali, yana sa barci da bushewar baki, ana kuma kaffa-kaffa da shi ga tsofaffi da masu ciwon zuciya. Zaɓin na likita ne, amma ba zai yi la'akari da abin da ba a gaya masa ba.

Ta biyu: mu san cewa kowane magani yana da suna biyu, sunan sinadarinsa da sunan da kamfani ya raɗa masa. Prozac suna ne na kamfani. Sinadarin da ke ciki shi ne fluoxetine. An fara amincewa da shi a Amurka a 1987, haƙƙin mallakar kamfanin kuma ya ƙare a 2001, tun daga nan kamfanoni da dama suke yin sa a farashi mai sauƙi. Haka Zoloft yake da sertraline. Mu roƙi likita ya rubuta sunan sinadari, mu kuma tambayi mai haɗa magunguna ko akwai na wani kamfani mai rajista da ya fi sauƙi, mai ƙarfi iri ɗaya.

Ta uku: mu fara da ɗakin magani na asibitin gwamnati, domin sau da yawa ya fi kantin waje sauƙi. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, akwai na Dawanau a Kano, asibitocin koyarwa kuma suna da sashen. A manyan asibitoci akwai ofishin jin daɗin marasa lafiya; ba abin kunya ba ne a ƙwanƙwasa ƙofarsa. Idan dole sai an saya a waje, a tambayi kanti biyu ko uku masu lasisi kafin a biya.

Ta huɗu: ga wanda ya yi nisa da asibiti kuma jikinsa ya daidaita, a tambayi likita ko zai tsawaita tazarar ganinsa, domin kuɗin mota da yinin da aka rasa suna cikin kuɗin magani. Sai dai a kula: tara ƙwayoyi da yawa a gida yana da haɗari, musamman amitriptyline, wanda shan sa fiye da ƙima yana iya kisa. A ajiye shi nesa da yara, in mai ciwon yana cikin mawuyacin hali kuma, wani amintacce ya riƙe masa.

Ta biyar: mu yi wa iyalanmu rajista tun muna lafiya. NHIA tana da shirin GIFSHIP na waɗanda ba sa cikin tsarin ma'aikata, hukumomin jihohi ma suna karɓar masu zaman kansu. Kafin a biya, a nemi ganin jerin magungunan da shirin ya ɗauka.

Akwai kuma arahar da ba ta ado. Kada mu raba ƙwaya ko mu tsallake rana don kati ya daɗe. Kada mu daina farat ɗaya. Hakan yana kawo jiri da tashin zuciya da rashin barci, ana sauka ne a hankali bisa umarnin likita. Kada mu sha ragowar na wani, domin akwai masu larurar da wannan magani kaɗai zai iya birkita su. Kada mu saya a tire ko a tasha, inda rana ta gasa shi. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Tramadol da ƙwayoyin barci ba maganin damuwa ba ne. Garin neman gira ake rasa ido. Wanda kuwa ya fara maganar ya gaji da rayuwa, ko yana tunanin cutar da kansa, ba a jiran albashi: a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Daga ƙarshe, me ya rataya a wuyanmu a matsayin ƙungiya? Kwamiti yana gabatar da buƙatu uku. Ɗaya, a ware wani kaso na asusun walwala don rancen magani marar ruwa ga masu doguwar jinya, mutum biyu kacal su san sunan mai karɓa. Muna tara gudunmawar biki da ta rasuwa cikin yini guda. Mai rai da ke neman tsayawa da ƙafarsa bai fi ƙarfinmu ba. Biyu, duk wanda aka ce masa magani ya ƙare alhali ana cirar kuɗi daga albashinsa, ya kawo wa sakatare rana da sunan maganin, reshe ya tattara ya kai gaba a rubuce. Uku, shugabannin makarantu su sauƙaƙa izinin zuwa asibiti ba tare da tone-tone ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da aka sa wa hannu a watan Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wa masu irin wannan larura wariya. Bai kamata ofishin malamai ya zama wurin da za a fara karya ta da gulma ba.

Abokiyar aikinmu ta ce abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, a makarantarsu akwai malamai goma sha biyu, kuma da ta buɗe baki, da ba a rasa masu haɗa mata kuɗin wata guda ba. Ta yi shiru ne don tsoron abin da za a kira ta. Wannan gyaran ba ya buƙatar ko kwabo, kuma a hannunmu yake. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shugaba, muna roƙon a sa buƙatun nan uku cikin ajandar yau a kaɗa ƙuri'a a kansu. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa albarka a ɗan abin da muke samu.