Tambarin Ƙungiya da Haƙƙin Mai Gida



Duk wanda ya ratsa Rijiyar Lemo da yammacin Asabar ya ga samari cunkushe a gidajen kallon ƙwallo, kowa da rigar ƙungiyarsa. Wannan a ƙirjinsa igwa ce ta Arsenal, wancan zakin Chelsea, wancan kuwa jan shaiɗanin Manchester United. Mai hankali zai ce ai zane ne kawai. To, amma ka taɓa zanen nan ka ga yadda fuska za ta sauya. A kan wannan nake so mu yi nazari yau.

Turawa sukan zaɓi wata dabba ta zama alamar ƙungiya, har su ɗinka rigarta mutum ya shiga ciki yana rawa a bakin fili. Gasar cin kofin duniya ta fara yin haka a Ingila a 1966, da wani zaki mai suna Willie. Ƙasashen Afirka ma kowa da tasa dabba: Kamaru zaki, Kwaddibuwa giwa, Nijar barewar nan da ake kira mena, mu kuwa mikiya. Jamhuriyar Benin ta daɗe ana kiran 'yan wasanta kurege, sai a 2022 ta sauya zuwa wani ɗan'uwan damisa mai tsananin gudu, don kurege, duk da wayonsa, ba ya razana kowa. A Amurka kuwa, a 2020, wata ƙungiya ta birnin Washinton ta yar da sunanta da tambarinta bayan 'yan asalin ƙasar sun shekara da shekaru suna kukan cewa ba'a ake yi musu. Kun ga ashe tambari magana ce da jama'a ke yi a kan kansu.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage, sai dai shi alamarsa a baki take, watau kirari da take. Ku je gidan dambe a Sabon Gari ku ji yadda Kudawa da Jamus da Guramada ke kiran kansu. Haka da aka kafa Kano Pillars a 1990, abin da ya kama zukatan magoya baya kalma ce: Sai Masu Gida. Kirarin kuwa ya yi halinsa, domin ƙungiyar ta ci kofin gasar ƙasa a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta kuma yi fiye da shekara 10 ba a doke ta a gida ba, sai a 2015.

Jama'a, a nan take. Wanda ya kira kansa zaki, cizo ake jira daga gare shi. Wanda ya kira kansa mai gida fa? A al'adarmu mai gida shi ne mai saukar baƙo, ya ba shi ruwa, ya tsare masa dukiyarsa, ya raka shi ƙofa lafiya. Fagge ita ce zangon da fatake da ayarin raƙuma ke sauka a bayan ganuwa. Sabon Gari kuwa an kafa ta ne domin baƙi, bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Da riƙon baƙo aka gina unguwannin nan namu.

Saboda haka abin da ya faru a 2022 abin kunya ne gare mu duka. Wasu 'yan kallo suka farfasa motar Katsina United a filin wasa na Sani Abacha, hukuma ta zabtare wa Pillars maki, kuma a ƙarshen kakar ƙungiyar ta faɗa rukuni na ƙasa, sai a 2023 ta dawo. Masu jifan nan sun ɗauka kishin kirari suke yi, alhali kuwa ƙaryata shi suka yi.

Roƙona gare ku, tun da ƙannenmu ku suke kallo, shi ne ku koya musu ma'anar abin da suke rerawa. Mu cika fili, mu kaɗa ganga, mu ci baƙo da ƙwallo iyakar ƙarfinmu. Idan alƙalin wasa ya busa tashi, mu raka shi mota lafiya, shi da baƙin namu. Ranar da muka iya wannan, ranar muka cancanci sunan.

Allah ya sa mu dace. Wassalamu alaikum.