Sankarar Jini: An Gano Tushenta, Saura Mu Kai Namu Asibiti



An ba mu dama mu yi magana a kan lafiya, mun kuwa zaɓi cutar da ba a cika ambatonta a majalisunmu ba, wato sankarar jini, musamman nau'inta mai tafiya a hankali wanda likitoci ke kira CML. Mun zaɓe ta ne domin tana cikin 'yan cututtukan daji da aka gano ainihin tushensu, aka kuma samo maganin da ke tare su tun daga tushen.

Ƙwayoyin halittar jikin ɗan Adam ba sa hayayyafa sai an umurce su. Umurnin kuwa yana bi ta hannun wasu sinadarai da masana ke kira kainas, waɗanda yawansu ya haura 500. Aikin kowannensu kamar na magatakarda ne mai riƙe da hatimi: yakan ɗauko ɗan gutsuren fosfet daga sinadarin ATP ya manna wa wani furotin, da haka saƙo ke wucewa gaba. Da zarar saƙo ya isa, sai magatakarda ya ajiye hatimi. Cuta tana farawa ne ranar da ya ƙi ajiyewa.

A shekarar 1960, Peter Nowell da David Hungerford na birnin Filadelfiya a Amurka suka lura da wani gajeren kuromosom, wato ƙunshin bayanan gado, a ƙwayoyin jinin masu wannan cuta. A 1973 Janet Rowley ta Jami'ar Shikago ta nuna cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka karye suka yi musayar gutsure. A mahaɗarsu ake haifar da gurɓataccen kainas mai suna BCR-ABL, wanda ke buga hatimi dare da rana, ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini fiye da kima. Wannan karaya tana aukuwa ne a rayuwar mutum. Ba a gadonta, ba a ɗaukarta a kwano ko shimfiɗa.

Sanin tushe shi ya kai ga magani. A 1998 Brian Druker da abokan aikinsa suka fara gwada ƙwayar imatinib a kan majinyata, a 2001 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita da sunan Gleevec. Ƙwayar tana toshe gurbin da ATP ke shiga, sai magatakarda ya rasa tawada. A da, mafi yawan majinyata ba sa wuce 'yan shekaru. Yanzu mai shan magani bisa ƙa'ida kan yi tsawon rai kusa da na kowa. Idan cutar ta bijire, akwai dasatinib da nilotinib da suka biyo baya.

Irin wannan tangarɗa ba ta tsaya ga jini ba. Ana samunta a wasu nau'o'in sankarar mama da ta huhu da ta ciki, kuma magungunan da ke danne kainas sun shiga jinyar amosanin gaɓoɓi.

To, ina ruwanmu? A Nijeriya, tun 2003 aka fara ba majinyata imatinib kyauta a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, ƙarƙashin wani shirin tallafi na ƙasa da ƙasa. Amma magani ba ya neman mai shi. Alamun cutar su ne yawan gajiya, rama, zufar dare, da nauyi a hagun ciki saboda kumburin saifa. Ɗan'uwanmu a ƙauye zai sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifot wata da watanni, a yi masa tsaga a ciki, alhali awon ƙwayoyin jini guda ɗaya ya isa ya ankarar da likita. Idan aka yi sakaci, cutar kan rikiɗe ta zama mai saurin kisa, a lokacin nan kuwa ƙwayar ba ta cika yin tasiri ba.

Saboda haka roƙonmu ga mazauna birane uku ne. Duk wanda ciwonsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, mu ɗauko shi mu kai shi ga likitan jini a asibitin koyarwa. Mu ɗauke masa kuɗin mota da na awo, mu ba shi masauki. Mu kuma tsaya a kansa ya sha ƙwayarsa kullum, kada ya daina don ya ji sauƙi sai da izinin likita, domin da an saki hannun magatakarda zai koma ga hatiminsa.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mai da kowa gidansa lafiya.