Nonon Taimako Ga Bakwaini

Zancenmu na yau a kan bakwaini ne, watau jaririn da aka haifa ciki bai cika mako 37 ba, da kuma wanda nauyinsa bai kai kilo 2 da rabi ba.

Hanjin irin wannan yaro ɗanye ne. In aka ɗura masa nonon akuya, ko na saniya, ko ruwan jiƙo, ya kan kamu da zawo, ko wani mugun ciwo mai ruɓar da hanji, ciki ya kumbura, wani lokaci har rai ya yi halinsa. Ko madarar gwangwani ba ta tsare hanjinsa kamar nonon ɗan Adam. Saboda haka babu abincin da ya fi masa nonon uwarsa, musamman dakashi, wanda waɗansu ke zubarwa. Dakashi ba ƙazanta ba ne, shi ne rigakafin fari.

To, in uwa ta rasu wajen haihuwa fa, ko tana kwance ba lafiya, ko nononta bai kawo ba tukuna? A shekarar 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, ta ce abin da ke biye da nonon uwa shi ne nonon da wata mai jego ta bayar. Tun 1909 aka buɗe ma'ajin nono na farko a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya. Ƙasar Barazil tana da fiye da 200. Kenya kuwa ta buɗe nata a asibitin haihuwa na Pumwani, a Nairobi, cikin 2019.

Ga yadda a ke yi. Da fari a kan auna jinin mai bayarwa, domin a tabbata ba ta da ƙanjamau, ko ciwon hanta, ko tunjere. Sa'an nan ta wanke hannu, ta tatsa cikin kwalba mai tsabta. A ɗumama nonon a zafin digiri 62 da rabi har minti 30, ƙwayoyin cuta su mutu, amfaninsa mai yawa kuwa ya saura. Kana a daskarar da shi, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan da ɗan kofi, ko ta siririn bututu.

Akwai wata magana mai nauyi. Shayar da ɗan wani ba baƙon abu ba ne gare mu, gama Halimatu Sa'adiyya ce ta shayar da Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi. Amma nono yana ƙulla 'yan'uwantaka, ya haramta aure. Don gudun rikicewar wannan ne majalisar malaman fiƙihu da ta zauna a Jidda cikin 1985 ta hana kafa ma'ajin nono, ko da ya ke waɗansu malamai sun halatta. Wani asibiti a Kuwait ya ɗauki hanyar haɗa gidajen biyu su san juna, kowane yaro da mai ba shi.

Yawancin asibitocinmu ba su da wannan ma'aji. Saboda haka ga abin da za ku yi. In an haifi bakwaini, uwa ta ɗora shi a ƙirjinta, fata da fata, a lulluɓe su, a kai shi asibiti nan da nan. In ba ya iya kama mama, ta riƙa tatsa kamar sau 8 dare da rana, domin tatsa ce ke kawo nono. In lalle sai an nemi wata, to, likita ya auna jininta tukuna. A rubuta sunanta, da na mijinta, da na yaro, gaban shaidu, a ajiye takardar. Abin da ya shige muku duhu, ku tambayi malaminku da malamin ɗakin shan magani.

Allah ya raya mana 'ya'yanmu. Sai mako mai zuwa.