Magani da Rana: Abin da Fatar Manomi ke Faɗa Mana

Shugaban taro, iyayenmu sarakuna, malamai, ma'aikatan lafiya na Tasawa da Mayahi, ina gaishe ku da fatan alheri.

Duk wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar nan ya san wannan majinyacin. Ya zo da ƙurajen fuska ko kumburin fata, an rubuta masa magani, bayan kwana kaɗan ya dawo fatar tana raɗaɗi, ta yi duhu, wani wurin har ta yi bororo kamar ƙunar wuta. Gida a ce sammu ne, maƙwabta su ce sanyi ne. Sau da yawa kuwa, maganin ne ya haɗu da rana.

Ga yadda abin yake. Wasu magunguna idan sun shiga jini sukan kai ga fata, su tsotsi hasken rana nau'in UVA, wanda ke ratsa gajimare da gilashin mota. Daga nan sai ƙwayoyin fata su ƙone cikin 'yan sa'o'i. Akwai kuma nau'i na biyu na wannan illa, inda garkuwar jiki ke tayar da ƙaiƙayi bayan awa 24 zuwa 72. Magungunan ba baƙi ba ne a wurinmu: doxycycline na ƙurajen fuska, griseofulvin na makero, ciprofloxacin, cotrimoxazole, piroxicam na ciwon gaɓoɓi, da hydrochlorothiazide na hawan jini, wanda hukumar magunguna ta Turai ta yi gargaɗi a kansa a 2018.

Yanzu ku dubi wurin da muke zaune. A watan Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Da damina mai noman gero da wake yana sunkuye a gona tun hantsi har la'asar. Matan Gulbin Kaba suna yankan kaba a fili, makiyayi kuma ba shi da inuwa sai ta gawo. Littattafan likitanci suna cewa a nemi jan fata, alhali a baƙar fata ja ba ya fitowa sosai. Don haka, 'yan'uwana ma'aikata, ku karanta taswirar ciwon. Idan ya kama goshi, ƙeya da bayan hannu, ya bar ƙarƙashin haɓa, bayan kunne da inda riga ta rufe, to ku tambayi abin da mutum yake sha ko shafawa, har da na masu tallar magani a kasuwa da man bilicin. Ku ƙara lura da zabiya da masu cutar lupus, domin su rana ta fi yi wa illa.

Jama'a kuma, ina roƙonku kada kowa ya yar da maganinsa don jin wannan lacca, musamman na hawan jini. Ku koma wa wanda ya rubuta shi, akwai madadi. Ku sa malafa da riga mai dogon hannu, ku kauce wa rana daga ƙarfe 10 zuwa 4 gwargwadon iko. Kafin ku bar farmasi ku tambaya: "Wannan yana jituwa da rana?" Matambayi ba ya ɓata.

Mu kuma masu rubuta magani, kafin biro ya taɓa takarda, mu tambayi majinyaci inda yake wuni.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.